Jawabin Ƙaddamar da Littafin Tarihin Gangadhar Meher



Littafin da ya tara mu yau labarin masaƙi ne ɗan masaƙi. An haifi Gangadhar Meher ranar 9 ga Agusta, 1862, a Barpali, garin masaƙa da ke yammacin jihar Odisha ta yau a Indiya. Karatunsa na makaranta bai wuce aji biyar ba. Talauci ya mayar da shi gindin masaƙa, yana saƙa, yana kai tufa kasuwa. Sauran iliminsa da kansa ya nema, har ya zama magatakarda a kotu.

Ni abin da ya fi kama mini zuciya shi ne 1895. A shekarar ce Turawan mulkin mallaka suka cire harshen Odiya daga ofisoshi da kotunan Sambalpur, gundumar da Barpali take ciki a lokacin, suka sa Hindi a gurbinsa. Ku duba manomin da za a yi wa shari'ar gonarsa da harshen da ba ya ji! Meher ya san wannan manomi, don a irin teburinsa ake rubuta ƙararsa. Bai yi shiru ba. Ya shiga sahun masu fafutuka da alƙalaminsa, kuma ba a yi shekara goma ba aka mayar da Odiya mazauninsa.

Mutanensa suna kiransa Swabhaba Kabi, wato mawaƙin da waƙa ta zame masa ɗabi'a. Ya rubuta Indumati da Kichaka Badha da Pranaya Ballari, amma Tapaswini ce gagarabadau. A cikinta ya ɗauko Sita, matar da mijinta sarki Rama ya kora daji, ya tsaya a gefenta. Kogi da itatuwa da ketowar alfijir su ya sa suka zame mata 'yan'uwa masu rarrashi. A ganina, wanda ya ɗanɗani rashi ne kawai zai iya yi wa korarriya irin wannan adalci.

Ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 1924, shekara goma sha biyu kafin a kafa lardin Odisha bisa harshen da ya kare. Yau akwai jami'a mai sunansa a Sambalpur, shi da bai wuce aji biyar ba.

 Da sunan Allah, na ƙaddamar da littafin nan.