Waƙar da Ta Yi Shiru a Gidana

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Farawa sura 29, daga aya 15 zuwa 35. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya buɗe. Wanda ba ya da shi, ya riƙe wurin a ka, ya sa yaro ya karanta masa da yamma.

Za mu yi magana a kan abubuwa uku da suke cikin kowane gida, wato ƙauna tsakanin miji da mata, da waƙa, da kuma godiya. Amma kafin in yi wa wani wa'azi, bari in fara da kaina, gama maganar nan ni ta fara kamawa.

A shekara ta 2004 na fara ganin matata, a wurin taron mawaƙa na gundumarmu. Ni ne mai buga ganga a ƙungiyar ƙauyenmu, ita kuwa ita ce mai ba da waƙa a ƙungiyar nasu ƙauyen. Da ta ɗaga murya cikin yarenmu, sai hannuna ya manta da aikinsa. Bisa ga al'adarmu, sai da na yi wa mahaifinta noma damina biyu, ni da abokaina, kafin aka ɗaura mana aure a 2007. Ban taɓa jin gajiyar noman nan ba. Saboda haka in na karanta cewa Yakubu ya yi wa Laban barantaka shekara 7 domin Rahila, har shekarun suka zama masa kamar 'yan kwanaki, ba na bukatar mai fassara.

Matata mai waƙa ce. Tana daka, tana waƙa. Tana tankaɗe garin acca, tana waƙa. In ta dawo daga rafi, muryarta ce take riga ta shiga gida. Na saba da wannan har na daina ji, kamar yadda mutumin da gidansa yake bakin kogi yakan daina jin ƙarar ruwa.

Bayan na gama makarantar Littafi Mai Tsarki, aka tura mu wata ƙaramar ikkilisiya. Aiki ya yi yawa, abin hannu kuwa kaɗan ne. Yau jana'iza, gobe sulhu, jibi ziyarar marar lafiya. Ina fita da asuba, ina dawowa da dare, in ci abin da na tarar, in kwanta. Wata rana cikin daminar 2016, 'yarmu ta fari, tana da shekara 8 a lokacin, ta tambaye ni, “Baba, me ya sa Mama ba ta waƙa kuma?”

'Yan'uwa, na rasa amsa. Ban ma san ta daina ba.

Da dare, bayan yara sun yi barci, na ce mata, “Maman yara, lafiya kuwa? Yarinyar nan ta ce kin daina waƙa.” Ta yi shiru da daɗewa. Sa'an nan ta ce, “Maigida, ran Lahadi wani ya kawo mudu biyu na masara, ka kira sunansa a gaban jama'a, ka sa aka tafa masa. Ni da na surfa masarar, na kai niƙa, na tuƙa, yaushe rabon da ka ce mini sannu?” Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi faɗa, da na sami abin kāre kaina. Amma gaskiya ta faɗa, ni kuwa mai bishara ne da yake koya wa mutane godiya kowane mako.

Yanzu mu koma ga karatunmu. Yawancinmu in mun karanta wannan sura, Rahila muke kallo. Amma akwai wata mace a gidan, Lai'atu, wadda mahaifinta ya kai wa Yakubu da dare ta hanyar ruɗi. Tana cikin gidan, tana aiki, tana haihuwa, amma zuciyar mijinta tana wani ɗaki. Ku lura da sunayen 'ya'yanta. Da ta haifi Ra'ubainu, ta sa rai yanzu mijinta zai ƙaunace ta. Da ta haifi Saminu, maganarta a kan rashin ƙaunar nan ce. Da ta haifi Lawi, ta yi tsammani yanzu kam mijin zai manne mata. 'Ya'ya uku maza, duk da haka tana jiran kallo ɗaya na alheri. Da ta haifi na huɗu, ba ta ƙara ambaton mijinta ba, ta juya ga Ubangiji da yabo, ta sa wa yaron suna Yahuza, sunan da yake ɗauke da ma'anar yabo.

Daga zuriyar Yahuza nan Dauda ya fito, makiyayin da yakan kaɗa wa sarki Saul garaya har ransa ya kwanta, kamar yadda 1 Sama'ila sura 16 ta nuna. Cikin Zabura 150 da muke da su, 73 suna ɗauke da sunan Dauda. Daga wannan zuriya kuma aka haifi Mai Cetonmu. Ashe waƙoƙin da ikkilisiya take rerawa har yau, tushensu yana ɗakin matar da mijinta bai kula da ita ba. Allah ya ga abin da Yakubu bai gani ba.

To, ina da magana ga mutane iri uku.

Na fari, ku mazaje. Kada wani ya ce, tun da Allah ya kula da Lai'atu, Yakubu ba ya da laifi. Allah ya ta'azantar da ita ne domin akwai ciwo, mijinta kuwa yana da hannu a ciwon. Da yawa cikinmu ba ma dūka, ba ma zagi, ba ma shan burkutu, sai mu ga kamar mun cika. Amma shiru ma yana kashe gida. A cikin Luka sura 17, kutare 10 suka warke, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, shi kuwa Basamariye ne, baƙo. Sauran taran ba a ce sun yi mugunta ba. Sun karɓa ne, suka wuce. Haka na yi shekara da shekaru a gidana. Baƙo yakan ci tuwon matarka ya yi ta sa albarka, kai mai gida ka wanke hannu ka tashi. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici.

Na biyu, ku iyayenmu mata, musamman wadda take saurarona yanzu da nauyi a zuciya. Wataƙila kina tsakiyar zumuntar mata ran Lahadi, kina buga tulu, kina rawa, amma a gida bakinki a rufe yake. Ubangiji ya gan ki, kamar yadda ya ga Lai'atu. Kada ki bar waƙarki ta rataya ga bakin mutum. Amma kuma kada ki haɗiye maganar har ta zama ɗaci. Ki nemi lokacin da ya dace ki faɗa wa maigidanki gaskiya cikin natsuwa. Da matata ba ta yi magana ba, da har yau ina cikin duhu. In abin ya wuce rashin godiya, ya kai ga dūka ko wulakanci, kada ki yi shiru da sunan haƙuri, ki kai maganar wurin dattawan ikkilisiya da iyayenki.

Na uku, ku matasa. Wayoyinku cike suke da waƙoƙin soyayya, ban kuwa ce ƙauna abin kunya ba ce. A tsakiyar Littafi Mai Tsarki akwai Waƙar Waƙoƙi, sura 8 cif, a kan ango da amarya. Allah ne ya halicci wannan daɗi. Amma waƙar waya minti huɗu ce, aure kuwa har mutuwa ne. Ɗan'uwa, kafin ka ce muryarta ta kama ka, ka duba ko kana gode wa mahaifiyarka in ta ba ka abinci. 'Yar'uwa, ki lura da yadda yake yi wa ƙannensa mata magana. Haka zai yi miki bayan shekara goma.

Za ku so ku ji yadda muka ƙare. A daren nan na roƙi gafararta, na roƙi gafarar Allah. Amma waƙa ba ta dawo da safe ba. Abin da aka ɓata cikin shekaru, ba ya gyaruwa a dare ɗaya. Muka fara wata 'yar al'ada a addu'ar dare: kowa, har da ƙaramin yaro, zai faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa, da abu ɗaya da yake gode wa wani na cikin gidan. Da farko bakina ya yi nauyi, yara suna ta dariya. Na gode don ruwan wanka. Na gode don maɓallin da aka ɗinke. Sai bayan kaka, muna sussukar dawa, na ji ta tana rera waƙa a hankali cikin yarenmu. Ban ce kome ba. Na kama amshi, kamar yadda nake yi dā.

Mai sauraro, yau kafin ka kwanta, ka dubi wanda kuke ci daga tukunya ɗaya, ka kira abu guda da ya yi maka, ka ce na gode. Kada ka bari sai ranar jana'iza, sa'ad da za ka yi yabon da kunne ba zai ji ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin numfashi, da ruwan sama, da abinci, da waɗanda ka ba mu a gidajenmu. Ka gafarta mana inda muka karɓa muka wuce. Ka ta'azantar da gwauraye da duk wanda yake kuka a ɓoye. Ka mai da waƙa cikin gidajen da suka yi shiru. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku zauna lafiya.