Tsofaffin Jami'an Leƙen Asiri da Sha'anin Tsaron Nijeriya



Ma'aikaci in ya yi ritaya yakan miƙa mabuɗan ofis ya koma gida. Jami'in leƙen asiri shi ma haka yakan yi, amma akwai abin da ba shi da halin miƙawa, watau asiran da ya sani, da mutanen da suka yi masa aiki, da sabon da ya yi da gudanar da al'amura a ɓoye. Don haka ritayarsa ba ta raba shi da sha'anin tsaro. Abin dubawa shi ne ta wace ƙofa zai komo, kuma wa zai riƙa bin sawunsa.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin soja ta kafa hukumar tsaro ta NSO, ta ɗora Kanar Abdullahi Mohammed a kanta. A 1986 Janar Babangida ya rushe ta, ya kafa uku a madadinta: SSS don cikin gida, NIA don ƙasashen waje, DIA don harkokin soja. Manyan da suka fito daga wannan fage ba su yi nisa da mulki ba. Abdullahi Mohammed ya zama mai ba da shawara kan tsaro a 1998, sa'an nan shugaban ma'aikatan fadar Obasanjo daga 1999. Janar Aliyu Gusau ya riƙe muƙamin mai ba da shawara kan tsaro daga 1999 zuwa 2006, ya sake riƙe shi a 2010, kana ya zama Ministan Tsaro a 2014. Alhaji Umaru Shinkafi, wanda ya shugabanci NSO daga 1979 zuwa 1983, siyasa ya shiga, har ya tsaya mataimakin Cif Olu Falae a zaɓen 1999.

Lalle akwai hujja ga shugabannin da ke neman irin waɗannan mutane. Fayil yana ajiye suna da kwanan wata, amma ba ya ajiye sanin wanda maganarsa abar dogara ce. Haka nan amincin da ke tsakanin jami'i da takwaransa na Nijar ko Kamaru aikin shekaru ne, ba ya samuwa ranar da aka naɗa sabon shugaba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Amma fa shawara dabam, iko dabam. Malam Lawal Daura ya bar SSS a 2013, aka komo da shi shugabanta a 2015. Ran 7 ga Agusta, 2018, jami'an hukumar, fuskokinsu a rufe, suka tare ƙofar Majalisar Tarayya, a ranar kuma Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sallame shi. Darasin ya wuce mutum guda. Wanda aka ɗauko daga ritaya, biyayyarsa ta fi karkata ga wanda ya ɗauko shi, jami'an da ya tsallake kuwa gwiwarsu takan yi sanyi.

Tushen matsalar yana cikin doka. Dokar soja ta 1986 ce har yanzu ke tafiyar da hukumomin nan uku, sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya kāre ta, ba ta gyaruwa sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Minista sai Majalisar Dattawa ta tantance shi, amma mai ba da shawara kan tsaro ba ya bi ta wannan ƙofa.

Saboda haka abubuwa uku sun wajaba. Na ɗaya, a tanadi majalisar shawara ta tsofaffin jami'ai bisa doka, wadda ba ta ba da umarni. Na biyu, a ƙayyade shekarun da jami'i zai dakata kafin ya shiga takara ko kwangilar tsaro. Na uku, duk wanda za a mayar kan kujerar iko ya bayyana gaban wakilan jama'a. Gama asiran da ke cikinsa da kuɗin talakawa aka tara su, amanar ƙasa ce, ba dukiyarsa ba.