Birnin Damagaram: Tsohuwar Unguwa da Yadda Za a Gyara Ta

  Wanda yake da takardar nan a hannu, ya bi layi da yatsa sannu sannu. Wanda bai samu ba, ya matsa kusa da ɗan'uwansa su karanta tare.

Yau za mu je Damagaram, garin da ake rubutawa Zinder a takardun gwamnati. Za mu shiga tsohuwar unguwarsa, wato Birni, inda fadar Sarki take. Ran 3 ga watan Satumba na 2024, tsohon masallacin Birni ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Ginin ƙasa ne, ya haura shekara 150 a tsaye. Kakanni sun yi salla a ciki, jikoki sun yi. Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana ke nan. Za mu ji yadda aka kafa unguwar, da abin da ke cin ta, da yadda ya kamata a gyara ta.

Asalin Birni

Sarakunan Damagaram daga Barno asalinsu yake. Kakansu wani malami ne da ya zo wannan ƙasa a cikin shekarun 1700. Zuriyarsa sun zauna a garuruwa daban daban. A farkon shekarun 1800 Sarki Sulaiman ya kafa fadarsa a Zinder, a tsakanin manyan duwatsu. A lokacin Damagaram tana kai gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa.

Wanda ya ɗaukaka garin shi ne Sarki Tanimu ɗan Sulaiman. Ya yi kimanin shekara 30 a kan gado, ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birni da babbar ganuwa mai ƙofofi 7, tsayinta kusan mita 10. A zamaninsa maƙeran gari har igwa suke ƙerawa.

Ku lura da abu ɗaya. Ganuwar nan da fada da masallaci da gidajen mutane, duk da ƙasa aka gina su. Ƙasar kuwa a nan kusa aka haƙo ta. Inda aka haƙa sai ya zama kududdufi. Da damina ruwan unguwa ya gangara ya taru a ciki. Da rani a ɗebi laka a yi tubali, a yi yaɓe. Ku riƙe maganar kududdufi, za mu komo kanta.

Birni da Zango

Arewa da Birni akwai wata unguwa, ita ce Zango. Nan fatake suke sauka. Ayarin raƙuma na Abzinawa yana kawo gishirin Bilma da dabino. Wasu ayarin suna wucewa Agadez, su ratsa hamada har Tarabulus. Daga kudu kuma ana kawo tufafin Kano da goro. Ana fitar da fatu da gashin jimina. Har da bayi ake sayarwa a wancan zamani, wannan kuwa abin baƙin ciki ne a tarihinmu, ba ma ɓoye shi.

Birni na sarauta da malamai ne, Zango na ciniki. Attajirai irin su Malam Yaro a Zango suka yi suna. Baƙi daga nesa sun zo sun gani da idonsu. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852.

Zuwan Nasara

A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 Faransawa suka yi yaƙi da rundunar Damagaram a Tirmini, suka ci garin. Suka gina bariki a kan dutse yana kallon Birni. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, suka kai shi ƙasar Kodibuwa. Sai a 1923 suka mayar da sarauta ga gidanta.

Daga 1911 Zinder ce hedkwatar ƙasar Nijar. A 1926 aka ɗauke hedkwata aka kai Yamai. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ruwa. Yamai tana bakin kogin Isa, Zinder kuwa ba ta da gulbi, ruwan sha ma da wahala ake samu.

Nasara sun gina ofisoshinsu a filin da ke tsakanin Birni da Zango. Can hanyar mota ta bi, can kantuna da babbar kasuwa suka kafu. Ayarin raƙuma ya ragu, mota da jirgin ƙasa na Kano suka karɓe kaya. Sannu a hankali tsakiyar gari ta bar Birni ta koma sabon wuri. Ganuwa ta rasa mai gyara, ta zube, sai ɗan abin da ya rage ake gani.

Gari ba gulbi, amma ruwa na cin sa

Wani zai ce, yaya garin da ke kukan ƙishirwa zai yi kukan ambaliya? Ga amsa. Zinder a kan dutse take zaune. Ruwan sama ba ya nutsewa ƙasa da nisa, shi ya sa rijiya ba ta da albarka. Ruwan famfo daga nesa ake janyo shi, daga wurare irin su Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. To, ruwan da bai nutse ba dole ya bi ta kan ƙasa. In ya samu hanya ya wuce. In bai samu ba ya kwanta a gindin bango.

Da can kududdufai ne ke karɓar wannan ruwa. Da mutane suka yi yawa, sai aka riƙa cike su da shara, ana gini a kansu. Lunguna kuma leda ta toshe su. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Ginin ƙasa yana da wuri biyu da ruwa ke kama shi, kai da ƙafa. A sama, in indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta ruɓe. A ƙasa, in ruwa ya daɗe a gindin bango, bangon ya sha ya yi laushi, sai ya durƙusa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa ma.

Akwai kuma wata cuta da ba ta ruwa ba. Mai gida ya rasu, magada sun yi yawa, wasu suna Yamai, wasu suna Kano. Kowa ya ce ba shi zai kashe kuɗinsa a gidan gado ba. Shekara ta zo ta wuce ba yaɓe. Wannan ba matsalar Damagaram kaɗai ba ce. A Zariya ma, wani sashe na tsohon masallacin Juma'a ya rufta a watan Agusta na 2023, aka yi asarar rayuka.

Hanya biyu ta sabunta unguwa

Hanya ta fari ita ce a tada mutane, a rushe, a gina sabo. An yi haka a Yamai. A bakin kogi, kusa da gadar Kennedy wadda aka buɗe a 1970, akwai wata tsohuwar unguwa ana ce mata Gaweye. Tana cikin unguwannin da Yamai ta fara da su. A zamanin Shugaba Seyni Kountché, lokacin da kuɗin uraniyom ya shigo, aka tada mutanenta aka kai su wani wuri. A filin aka gina babban otel da gidan taro. Gari ya samu manyan gine-gine, otel ɗin ya ɗauki sunan unguwar. Amma gidajen da lungunan da zaman maƙwabtaka na wurin sun tafi, ba su komowa.

Hanya ta biyu ita ce a bar mutane a gidajensu, a gyara abin da ke akwai, a ƙara musu abin da suka rasa. A garin Jenne na ƙasar Mali, kowace shekara mutanen gari suna fitowa su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa. Maza na kwaɓa laka, mata na kawo ruwa, yara na ɗauka. A nan gida kuma ga Agadez. A 2013 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin a cikin kayan tarihi na duniya, da mutanensa a ciki.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ba da sunan Birnin Zinder da fadarsa a jerin wuraren da take neman a ba su irin wannan matsayi. A 2018, da garin ya karɓi sallar 18 ga Disamba, an yi aikin da aka kira Zinder Sabuwa, aka shimfiɗa kwalta, aka yi sababbin gine-gine. Aiki ne mai amfani. Amma kwalta ba ta hana bangon lungu faɗuwa. Birni hanya ta biyu take bukata, wannan kuwa aikin kowace shekara ne.

Abin da za mu iya yi da hannunmu

Na ɗaya, kafin ruwan fari ya sauka, a hau soro a share shi, a toshe tsaga, a gyara indararo. Indararo ya zama dogo, don ruwa ya zuba nesa da bango.

Na biyu, a tara ƙasa a gindin bango a daɓe ta, ta gangara waje.

Na uku, a yi yaɓe a kan lokaci. Tsofaffin magina sun san makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa. Sun san laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. A neme su, a tura musu samari su koya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na huɗu, a yi hankali da siminti a kan bangon ƙasa. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ba ya samun fita, bango yana ruɓewa a ɓoye.

Na biyar, kada a cike kududdufi, kada a zuba shara a ciki ko a magudanar ruwa. A share bakinsa, a hana yara wanka a ciki, a kwana a gidan sauro. A zamanin Samariya, matasan unguwa suna yin irin wannan aikin gayya. Abin da aka yi jiya ana iya yin sa gobe.

Na shida, magada su zauna su naɗa mutum ɗaya mai kula da gida, kowa ya ba da abin da ya iya. A rubuta a takarda, a sa hannu gaban mai unguwa.

Babban aiki kuma, irin haƙa manyan magudanai da gyaran fada da masallatai, na ma'aikatar magajin gari ne da gwamnati, tare da shawarar Mai Martaba Sarki. Amma sai mutanen unguwa sun je sun faɗi inda ruwa ke kwanciya, don su suka san lungunansu.

Ina amfanin karatu a nan?

Malam, Malama, duk ranar da aka zo gyara unguwa, takarda ce ke fara zuwa. Akwai sanarwa, akwai taswira, akwai takardar gida, akwai lissafin diyya. Wanda bai iya karatu ba, sai ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Kai da ka fara haɗa baƙi, karanta kafin ka sa hannu. In da Faransanci aka rubuta, ka nemi a fassara maka, ka rubuta lambobin a littafinka. Ka ajiye takardar gidanka inda ruwa da gara ba su kai.

Ka kuma zauna da tsoho ko tsohuwar gidanku. Tambaye su wa ya gina gidan, ina ruwan unguwa yake bi a da, ina kududdufin da aka cike. Rubuta abin da suka faɗa, ko layi biyar ne.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wane sarki ne ya kewaye Birni da ganuwa?
2. A wace shekara aka ɗauke hedkwata daga Zinder?
3. Ta wuri nawa ruwa ke kama ginin ƙasa?
4. A garinku ko unguwarku, ina ruwa ke kwanciya da damina? Wa zai gyara?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana. Za mu karanta wasu a wannan fili. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.