Jawabin Shugaban Taro a Bikin Rantsar da Shugabannin Kwamitin Haɗin Gwiwar 'Yan Kasuwa da Masunta a Bagudo

  

Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Bagudo. Iyayen ƙasa, hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya. Sarakunan Ruwa da Sarakunan Kasuwa. Jami'an kwastan da na shige da fice da sauran jami'an tsaro. Iyayenmu mata masu banda da masu sayar da kifi. 'Yan'uwanmu da suka ƙetaro daga Madekali da Malanbil da Segbana a Jamhuriyar Benin. Matasa da sauran jama'a.

Ina godiya da aka ga dacewar a ɗora mini shugabancin wannan taro, alhali a wurin nan akwai waɗanda suka girme ni a shekaru da sani. Ina yi wa kowa barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Lolo da Illo da Kaoje da Tsamiya da Zagga da Kende da Bani, suka bar gonakinsu da rumfunansu a ranar aiki. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

Abin da ya tara mu shi ne rantsar da shugabannin kwamitin da 'yan kasuwa da masunta suka amince su kafa tare don kula da kogin Kwara, wato kogin Neja. Wani zai ce, me ya haɗa mai rumfa a kasuwa da kiyaye ruwa, ai wannan aikin Sarkin Ruwa ne da hukuma. Wannan tambayar ce nake so in yi amfani da ɗan lokacin da aka ba ni in amsa.

Kogin nan da muke tsallakewa ta gadar Tuga ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Benin, sannan ya shigo Najeriya ta nan gefenmu, tafiyar da tsawonta duka ya haura kilomita 4,000. Gabas da Illo kuma gulbin da ya biyo ta Sakkwato da Argungu ya zubo cikinsa. Allah ya yi mana wata baiwa da ba kowane gari ya samu ba: ruwa kan cika mana sau biyu a shekara. Akwai na damina, mai laka, wanda ruwan saman ƙasashenmu ke kawowa. Akwai kuma wanda ke isowa cikin hunturu, bayan ya yi watanni yana tafiya daga Gini, ya tace ya yi duhu. Da waɗannan cika biyu ne fadamunmu ke ba da shinkafa da albasa, dabbobin Fulani ke samun ciyawa da rani, kifi kuma ke samun wurin zuba ƙwai.

Kasuwancinmu ma daga ruwan nan ya samo asali. Tun kafin zuwan Turawa Illo ta yi suna a matsayin zango na fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, kuma Sarkawa da sauran ma'abota jirage ne ke ƙetarar da su da kayansu. Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani duk a bakin kogin nan suka san juna, suka ƙulla ciniki da auratayya. Ko a kwanan nan, lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kowa a nan ya san yadda kasuwannin iyaka suka yi sanyi. Gidaje da yawa da kifi da noman fadama suka riƙe kansu har aka buɗe.

To, iyayena da 'yan'uwana, wannan abin da ya rufa mana asiri shi ne yau yake neman taimakonmu. Ku tambayi dattawan masunta da ke zaune a gaban nan irin giwan ruwan da suke fitarwa suna samari, da irin wanda ake fitarwa yanzu. Ku tambaye su yaushe rabon da su ga yauni ko ramboshi mai cika ido. Masunci kan kwana a ruwa ya dawo da abin da bai kai kuɗin man injinsa ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Gidan sauron da aka raba don kare 'ya'yanmu daga zazzaɓin cizon sauro ya koma abin kamun kifi, yana kwashe har 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba. Ana jan taru mai ƙananan ido a fadama daidai lokacin da tarwaɗa da karfasa suka shiga ciyawa zuba ƙwai. Akwai masu zuba gamalin da sauran guba a tafki, su kashe babba da ƙarami a dare guda, tafkin ya yi shekaru bai farfaɗo ba. Ga maganin feshin gona da ake wanke galan ɗinsa a bakin ruwa, ga leda da robobin da kasuwanninmu ke zubarwa, ga itatuwan gaɓa da ake sarewa har ƙasa ta zaizaye ta cike zurfin da manyan kifaye ke fakewa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da wutar lantarki wajen kamun kifi. Amma jami'i nawa za a ajiye su tsare kowane lungu na kogi da kowane tafki cikin dare? Ba zai yiwu ba. Akwai dai wuri guda da duk kifin da aka kama sai ya bi ta cikinsa, ko da halal aka kama shi ko da ɓarna, wato kasuwa.

A nan nake so mu 'yan kasuwa mu gaya wa kanmu gaskiya. Wa ke ba masunci bashin kuɗin taru da ƙugiya da man inji, da sharaɗin shi zai kawo wa kamunsa? Mu ne. Wa ke tsaye a bakin gaɓa da asuba yana taya daron ƙananan kifi don ya ga araha? Mu ne. Kifin da aka kashe da guba ba ya ɓuya wa dillalin da ya san sana'arsa. Yana ganin laushin jikinsa da saurin lalacewarsa ya gane, amma sai ya kau da kai ya saya, a yi maza a banda shi a cusa a kwali. Masunci yana kamo abin da ya san za a saya ne. Ranar da ya kawo 'ya'yan kifi kasuwar Lolo aka ƙi tayawa, ya kai Bagudo aka ƙi, ya ƙetara Madekali aka ƙi, to ranar gidan sauro zai koma kan gado. Ikon da ke hannun mai saye ya fi na mai kama ɓarawon ruwa, kuma shi ya sa aka sa 'yan kasuwa a cikin wannan kwamiti tun daga tushe.

Kada wani ya ɗauka taimakon masunta za mu yi. Kanmu za mu taimaka. Wanda ya saye ƙananan kifi bana kamar manomi ne da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo. Ya ƙoshi yau, amma damina na tafe. Idan kifi ya ƙare, ba masunci kaɗai zai zauna ba: mai banda, da mai itace, da mai kwali, da ɗan dako, da direban da ke kai lodi kudu, da mai sayar da abinci a tasha, duk za su ji a jikinsu. An ga haka a ƙasashen da suka fi mu jirage da ilimi. A ƙasar Kanada, a gaɓar tekun gabashinta, an yi ɗaruruwan shekaru ana kamun wani kifi da ake ganin ba zai taɓa ƙarewa ba, har ya kusa ƙarewa. A 1992 gwamnati ta hana kamunsa, mutane wajen 30,000 suka rasa sana'a. Teku ke nan, balle kogi.

Ba ma sai mun je nesa ba. Bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya cika da kifi, masunta suka yi ta kwarara daga ko'ina, daga baya kamun ya ja baya. A shekarun 1990 aka yi wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus don gyara lamarin, aka haramta jan dala, wato babban tarun nan da ke share komai har ƙasa. Abin lura shi ne ta hannun sarakuna da Sarakunan Ruwa aka bi, domin an gane cewa masunci ya fi jin maganar wanda suke kwana gari ɗaya. Cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Bussa tana nan, masananta sun san girman idon tarun da ya dace da kowane irin kifi. Ina ba sababbin shugabanni shawara su je su nemi iliminsu.

Sai Argungu, abin alfaharin Jihar Kebbi. Bikin kamun kifi ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da duniya ke tattali. Mutane kan ga dubban masunta sun ruga cikin Matan Fada da homa da gora, su ga an fito da giwan ruwa ana aunawa, su yi ta mamaki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wancan yanki na gulbi a tsare yake, ba a barin kowa ya yi su a cikinsa sai ranar biki. Haƙurin watanni ne ke haifar da kifin da ke jawo baƙi, baƙin kuma su cika masaukai, su sayi abinci da tabarmi da kayan hannu. Da aka shafe kusan shekara goma ba a yi bikin ba, kafin a dawo da shi a 2020, 'yan kasuwar garin sun san abin da suka rasa. Yawuri ma tana da bikin Rigata. Ban ce gobe Bagudo za ta yi gogayya da su ba. Amma idan kowane Sarkin Ruwa ya keɓe tafki guda ko wani zurfi guda ya hana taɓa shi, kamar yadda kakanninmu suka saba, za mu samu abin da za mu nuna wa baƙo, mu kuma samu iri da zai bazu cikin kogin.

'Yan'uwanmu na Benin, zuwanku ya faranta mana rai. Kifin da ya kwana a ruwanku da safe yana namu. Idan muka hana a nan aka saya a can, mun yi aikin banza, haka ma idan kuka hana muka saya. Ƙasashe tara ne suka haɗu a Hukumar Kula da Kogin Neja mai hedikwata a Yamai, amma kafin takardunsu su iso gaɓarmu, Sarakunan Ruwan ɓangarorin biyu na iya zama a inuwa guda su tsai da watannin hutun su iri ɗaya. Harshenmu ɗaya ne, surukai ne mu, wannan ba zai gagare mu ba.

Iyayenmu mata, ku ne kuke riƙe da banda, kuma ta hannunku kifi ke zama kuɗi. Ina roƙonku da girman Allah a daina yayyafa fiya-fiya a kan busasshen kifi don korar ƙwari. Wanda zai ci shi ɗan wani ne, watakila ma naku. Akwai murhun banda mai jeren faifan waya da aka ƙirƙiro a unguwar Chorkor ta birnin Accra a ƙasar Gana tun ƙarshen shekarun 1960, yana cin itace kaɗan, kifi ya bushe sosai ya daɗe bai lalace ba, kuma da laka da katako ake yin sa. Kwamiti ya nemo wanda zai koyar da shi.

Masu jirage kuma, ba mu manta da hatsarin da ya faru kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, inda aka rasa rayuka masu yawa, mafi yawansu masu neman abinci ne. Allah ya jiƙansu. A rage lodi, a daina tafiyar dare, a sa rigar kariya.

Yanzu gare ku, sababbin shugabanni. Amana aka ba ku, kuma za a tambaye ku a kanta duniya da lahira. Ku fara da kanku da 'yan gidanku: ranar da aka ga ɗan shugaba da daron ƙananan kifi aka ƙyale shi, ranar kwamitin nan ya mutu. Kada ku ɗora nauyin gyara a kan talakan masunci shi kaɗai. Wanda ya ɗauki gidan sauro sau da yawa rashin kuɗin taru ne ya kai shi, don haka kafin ku karɓe na hannunsa ku tanadi wanda za ku ba shi bashi ya biya a hankali. A watannin da za a huta da su, dillalin da ya ci ribar masunci shekara da shekaru ya ɗaga masa ƙafa kan bashi, ya taimaka masa da abin noman rani. Duk kuɗin da aka tara a rubuta, a karanta wa jama'a a fili. Ku nisanta kwamitin daga siyasa da ƙabilanci. Hukuma kuma muna roƙonta ta mara muku baya da jami'an kula da kifi, da wurin zuba shara a kasuwanni, da hukunta mai zuba guba ko ɗan wane ne.

Ina roƙon iyayen ƙasa su sa wa wannan aiki albarka, malamai su ɗauki maganar zuwa mumbari ranar Juma'a, Sarakunan Kasuwa kuma su sa a yi shela tun daga kasuwa mai ci ta gaba cewa ba a sayen 'ya'yan kifi, ba a sayen kifin guba. Da sunan Allah nake kiran zaɓaɓɓun shugabanni su taso gaban jama'a a rantsar da su. Allah ya yi riƙo da hannunku, ya ba mu lafiya da zaman lafiya a Bagudo da Jihar Kebbi da Najeriya da maƙwabtanmu baki ɗaya.