Jawabi A Kan Ciwon Ƙoƙon Gwiwa Da Maganinsa Ba Tare Da Tiyata Ba



Ƙoƙon gwiwa ɗan ƙashi ne da ya ke zamewa sama da ƙasa cikin wani kwari a ƙarshen ƙashin cinya. Naman gaban cinya, mai rassa huɗu, shi ke riƙe da shi kamar linzami. In naman nan ya yi rauni, ko kuwa aka ɗora wa gwiwa aikin da ba ta saba ba, sai ciwo ya taso a gabanta. An fi jinsa wajen tsuguno, da sauka daga bene, da tashi bayan an daɗe a zaune, abin da malaman ofis suka sani sarai.

Galibin masu wannan ciwo ba su bukatar wuƙar likita. A shekarar 2007 likitoci a ƙasar Finlan suka ba da labarin gwajin da suka yi da mutum 56. Rabi aka yi musu tiyata sa'an nan suka yi motsa jiki, rabi kuwa motsa jiki kaɗai. Sauƙin da suka samu bai bambanta ba.

To, ga yadda a ke yi. Mutum ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa ƙafa ɗaya, ya miƙe mai ciwon, ya ɗaga ta kamar kamu ɗaya, ya ƙirga biyar, ya sauke a hankali. Ya yi sau goma, safe da yamma. Sa'an nan ya kwanta a gefe ya ɗaga ƙafar sama haka nan, domin naman kwatangwalo ya yi ƙarfi. Sai an jure mako shida zuwa goma sha biyu. Nan ne mutane su ke karaya, su daina tun a mako na biyu. A rage tsuguno, amma kada a kwanta a daina tafiya. Mai ƙiba ya rage nauyi. Wanda sujada ta gagare shi, shari'a ta yarje masa ya yi salla a zaune.

Muna roƙon Hakimai su gargaɗi masu unguwanni game da sakiya da tsaga a gwiwa, gama ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa tana iya lalata ta.

Amma wanda gwiwarsa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ya faɗi ya kasa ɗaga ƙafarsa a miƙe, ko ƙoƙon ya goce gefe, lalle a kai shi asibiti a ranar.