Gidan Tarihin Reluwe na Ikko da Abin da Ya Shafe Mu



A unguwar Ebute Metta ta birnin Ikko, cikin harabar ma'aikatar reluwe, akwai wani tsohon gidan sama da aka gina a shekarar 1898. A da mazaunin babban manajan jiragen ƙasa ne. An gyara shi a 2010, aka mai da shi ɗan ƙaramin gidan tarihi mai suna Gidan Jaekel, don tunawa da Francis Jaekel, Baturen reluwe wanda ya rubuta tarihin jirgin ƙasa na Nijeriya. A ciki an ajiye tsofaffin hotuna da kayan aikin ma'aikata.

Gidan ya dace da garinsa, domin daga Ikko dogo ya tashi, ya isa Badun a 1901. A 1902 kuma aka buɗe wani ɗan siririn layi na cikin gari, wanda Turawa ke kira tiram, yana ɗaukar fasinja daga tashar Iddo, ya haye gadar Carter zuwa tsibiri. Bayan shekara goma sha ɗaya aka daina ɗaukar mutane. Amma layin bai mutu ba, sai ya koma jigilar bayan gida da dare har 1933. Wannan aiki ba shi da daɗin faɗi a majalisa irin wannan, sai dai lafiyar gari ta rataya a kansa.

To, ina ruwan Bahaushe? Kada mu manta, dogon farko da aka shimfiɗa a Arewa shi ma tiram ne, tsakanin Zungeru da Barijuko a bakin kogin Kaduna. Sa'an nan layin Baro ya iso Kano a 1911. Turawa sun ƙwallafa rai ga auduga, manoman Kano kuwa suka dubi farashi suka zaɓi gyaɗa.

Abin da na fi so ku lura da shi, ku ɗaliban Hausa, shi ne yadda harshenmu ya adana wannan zamani. Tasha, tikiti, tarago, lebura, har gada, duk daga Turanci muka aro su, muka lanƙwasa su yadda bakinmu ke so. Shi kuwa "jirgi" namu ne tun tuni, na ruwa, muka hau da shi tudu muka ce jirgin ƙasa. A ganina hikimar ta fi yawa a nan.

Hoto yakan nuna injiniya da hularsa, amma ba ya faɗin sunan talakawan da aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, suka yi ta ɗaukar ƙasa a ka tsakanin Baro da Kano. Su kam sun riga mu gidan gaskiya. Jikokinsu na nan a Minna da Zariya da ƙauyukan bakin dogo, kuma wanda zai rubuta kundin digiri a bana yana iya zuwa ya ɗauki maganarsu.