Lamba Ɗaya, Karatu Biyu



Minti goma aka ba ni, saboda haka zan tsaya kan abu guda.

Kwamfuta tana ajiye komai ne a ɗan mudun da ake kira bayit, wanda ke ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Don sauƙin rubutu, masu tsara manhaja suna amfani da ƙidayar sha shida, wato heksa: 0 zuwa 9, sannan A zuwa F su wakilci 10 zuwa 15. Da haka alama biyu sun ishi bayit guda. 1F na nufin sha shida ɗaya da ɗoriyar sha biyar, wato 31. FF kuwa 255 ne.

Amma 1F ɗin da aka buga da haruffa rubutu ne kawai. Bayit biyu yake ci, 49 da 70, kuma sai an juya shi kafin ya zama 31.

Babban tarkon yana wajen haɗa bayit biyu ko fiye su ba da lamba ɗaya. Ku ɗauki 01 da 02. Idan na farkon ne babba, 258 ke nan. Idan na biyun ne, 513. Duk wanda ya yi makarantar allo kafin boko ya san ana fara layi ta dama, ana kuma farawa ta hagu. Na'urorin Intel suna sa ƙaramin bayit a gaba, ƙa'idojin intanet kuwa babban. A 1980 Danny Cohen ya kwatanta wannan saɓani da rigimar cikin littafin Jonathan Swift na 1726, inda aka yi yaƙi kan ta wane gefe za a fasa ƙwai.

Abin dariya ne, har sai ya taɓa albashi. A ce an yi wa ma'aikaci rajista da na'urar da ke karanta katinsa ta gaba, ranar tantancewa kuma aka zo da mai karantawa ta baya. Kati ɗaya, lamba biyu. Sai a ce ma'aikacin bogi ne, alhali yana tsaye a layi da katinsa a hannu.

Don haka ƙannena, idan aka ba ku irin wannan aiki, ku tambayi ta ina aka jera bayit ɗin, ku rubuta amsar a takardar aikin. Kada kuma ku yar da sifirin gaba: 01 02 in aka rubuta shi 12, ya koma 18.